Nazarin Lamari: Yadda Wani Injiniya Sabon Zuwa Ya Samu Aikinsa Na Farko A Kanada

Lamarin da za a duba a nan na wani injiniyan gine-gine ne da ya sauka a yankin Toronto da ke lardin Ontario a watan Satumba na 2023, tare da matarsa da ƙananan 'ya'yansu biyu, dukansu da izinin zama na dindindin. An sakaya sunansa da sunayen kamfanonin da ya yi hulɗa da su. Kafin ya yi ƙaura ya shafe shekara tara yana kula da aikin hanyoyi da kwalbatoci da magudanan ruwa, kuma a shekarunsa na ƙarshe shi ne ke sa hannu kafin a biya ɗan kwangila, akwai kuma ƙananan injiniyoyi a ƙarƙashinsa. Bai samu aikin da ya shafi sana'arsa ba sai a watan Afrilu na 2024, kuma aikin da ya samu ɗin bai kama ƙafar matsayin da ya baro ba. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, babu ko ɗaya daga cikin matsalolin da aka saba ɗora wa laifi. Mutumin yana da izinin yin aiki a duk inda ya ga dama, yana jin Turanci sosai, takardunsa na gaskiya ne, lafiyarsa ƙalau, kuma ba malalaci ba ne. Duk da haka sai da ya yi wata bakwai a bakin ƙofa.

Ya shigo ta tsarin Express Entry, wanda gwamnatin Kanada ta fara amfani da shi a watan Janairu na 2015, inda ake bai wa mai nema maki bisa shekarunsa da iliminsa da ƙwarewarsa a harshe da kuma shekarun da ya yi yana aiki. Domin cika sharuɗɗan tsarin ya zauna jarrabawar Turanci ta IELTS, ya kuma aika takardun digirinsa ga hukumar WES mai tantance takardun karatun waje, wadda ta rubuta cewa digirin nasa daidai yake da digirin farko na jami'ar Kanada. Daga nan ne fahimtar da ta wahalar da shi ta samo asali, kuma ba a ga laifinsa ba. A tunaninsa, ƙasar da ta auna iliminsa da shekarun aikinsa ta zaɓe shi a kansu, ai ta riga ta yarda da su. Amma wadda ta zaɓe shi gwamnatin tarayya ce, wadda ke ba da lasisin aikin injiniya kuwa hukumar lardi ce, sannan wanda zai ɗauke shi aiki wani manajan kamfani ne da babu ruwansa da makin da aka ba shi. Kowanne daga cikin ukun nan yana da nasa ma'aunin, kuma takardar WES ba ta wuce ta shige da fice ba.

A makon farko ya karɓi lambar SIN mai alƙaluma tara a ofishin Service Canada, wadda sai da ita ake biyan ma'aikaci albashi, ya buɗe asusun banki, ya sayi layin waya, ya yi rajistar katin lafiya na lardi. Waɗannan duk ba su ba shi wahala ba.

Watanni biyu na farko

Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba ya mayar da neman aiki aikinsa. Yakan zauna gaban kwamfuta tun safe, ya buɗe LinkedIn da Indeed da shafin Job Bank na gwamnati, ya aika takardar neman aiki ga duk tallar da ta ambaci injiniyan gine-gine ko manajan aiki. Takardun da ya aika sun haura ɗari. Mafi yawansu ko amsa ba a ba shi ba, kaɗan suka dawo da saƙon ban haƙuri irin wanda na'ura ke aikawa, kamfani ɗaya ne kawai ya kira shi a waya, hirar kuma ba ta kai minti goma ba. Matar da ta kira ta tambaye shi ko yana da lasisin injiniya na lardin, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko ya taɓa aiki da dokokin gini na Ontario, ya ce a'a. Ta tambaye shi ko yana da mota da lasisin tuƙi, ya ce bai samu ba tukuna. Ta yi masa godiya ta ajiye waya.

Da aka duba CV ɗin da yake aikawa, an ga abubuwa da dama da ke yi masa illa. Shafi biyar ne, da hotonsa a sama, da ranar haihuwarsa da addininsa da bayanin cewa yana da aure, alhali a Kanada ba a sa ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta lardin ta hana a bambanta masu neman aiki a kansu, kuma masu ɗaukar ma'aikata ba sa son ganinsu don kada a zarge su daga baya. Ya jera muƙamai da sunayen ayyuka da sunayen hukumomin da babu wanda ya san su a Toronto, amma bai faɗi tsawon hanyar da ya gina ba, ko yawan mutanen da ya shugabanta, ko irin gwaje-gwajen da yake sa a yi kafin ya amince da aiki. Mafi muhimmanci, yana neman muƙaman da doka ba ta yarda ya riƙe ba. A Ontario, hukumar injiniyoyin lardin, wato PEO, ce ke ba da lasisin da ake kira P.Eng., kuma wanda ba shi da shi ba zai sa hannu da hatimi a kan zane ba, ba zai ma kira kansa ƙwararren injiniya a wurin aiki ba. Sama da rabin tallace-tallacen da ya amsa suna bukatar wannan lasisi, ke nan an cire sunansa tun kafin wani mutum ya karanta layi ɗaya.

Gyaran CV abu ne mai sauƙi, an kuwa yi shi cikin 'yan kwanaki a wata cibiyar taimaka wa sababbin zuwa da gwamnati ke ɗaukar nauyinta, kyauta. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa matsalar ta tsaya a takarda. Philip Oreopoulos, masanin tattalin arziki a Jami'ar Toronto, ya aika takardun neman aiki na gwaji kimanin 13,000 ga masu tallar aiki a Toronto, yana sauya sunaye da wuraren karatu da wuraren aiki, ya kuma wallafa sakamakon a 2011. Ya gano cewa mai sunan Ingilishi da ya yi karatu ya kuma yi aiki a Kanada ana kiransa fiye da ninki biyu na yadda ake kiran mai baƙon suna da ya yi karatu da aiki a waje, kuma ko da komai ya zo daidai, suna kaɗai yana rage yawan kiran. Ya kuma gano cewa rubuta ƙwarewa a harshe, ko aiki da babban kamfanin duniya, ko fitowa daga fitacciyar jami'a, ba su kawar da wannan bambanci ba. Wanda ya san wannan ba zai ce wa sabon zuwa laifinsa ne da ba a kira shi ba. Hukumomin lardin ma sun san da matsalar. Tun a 2013 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ontario ta bayyana cewa tsaurara sharaɗin sai mutum ya taɓa aiki a Kanada nau'i ne na wariya, in ba a 'yan wurare ƙalilan ba. A 2021 majalisar lardin ta hana hukumomin ba da lasisin sana'o'i da dama gindaya wannan sharaɗi, a watan Mayu na 2023 kuma PEO ta zama ta farko da ta cire shi, wato 'yan watanni kafin injiniyan namu ya sauka. Daga 1 ga Janairu na 2026 aka hana kamfanoni masu ma'aikata 25 ko fiye rubuta shi a tallar aiki. Waɗannan matakai ne masu kyau, amma abin da doka ta iya gogewa shi ne rubutun da ke kan talla. Shakkar da ke zuciyar mai ɗaukar aiki tana nan inda take.

A ganina wannan shakka ce tushen lamarin duka, don haka ya kamata a fahimce ta yadda take. Manajan da zai ɗauki ma'aikaci tsoron kuskure yake yi, domin in ya ɗauki wanda bai iya ba, shi za a tuhuma. Idan mai nema ya yi aiki a wani kamfani na garin, manajan zai ɗaga waya ya tambayi wanda ya sani, cikin minti biyar ya ji gaskiya. Idan kuwa duk shaidun mai nema suna wata nahiya, da lambobin wayar da bai saba da su ba, da bambancin sa'o'i tsakaninsu, kuma bai san darajar kamfanonin da suke magana da sunansu ba, sai ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗauki na biyu a ƙwarewa wanda zai iya bincikawa. Injiniyan namu yana da iyawa, amma a duk faɗin ƙasar babu mutum ɗaya da zai ce, na ga aikinsa da idona.

Aikin sito

Kuɗin da suka shigo da shi, wanda tsarin shige da fice ya wajabta a nuna, ya fara ƙarewa da sauri fiye da lissafinsu, domin mai gidan da suka kama haya ya karɓi kuɗin watan farko da na watan ƙarshe a tare kamar yadda aka saba a lardin, ga kayan sanyi na mutum huɗu. A watan Nuwamba ya yi rajista da wani kamfanin samar da ma'aikatan wucin gadi, aka tura shi wani katafaren sito a wajen gari, inda yake tattara kaya yana shirya su a kwali daga dare zuwa asuba, a kan mafi ƙarancin albashi na lokacin, dala 16.55 a awa. Lokacin hada-hadar ƙarshen shekara ne, ana neman hannu ido rufe, babu wanda ya tambaye shi digiri. Kafin wannan, wani ya taɓa tuntuɓarsa ta waya yana cewa zai sama masa aiki in ya biya kuɗin rajista, ya kuwa ƙi, kuma daidai ya yi, domin dokar ƙwadago ta Ontario ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci. Daga 1 ga Yuli na 2024 ma an wajabta musu mallakar lasisi.

Bai kamata a raina wannan aiki ba. Ya biya haya, ya hana iyalin cin bashi, ya ba shi takardar albashi ta farko, ya kuma koya masa abubuwan da ba a rubuta su a ko'ina: yadda ake kiran shugaba da sunansa kai tsaye, yadda ake sa ran ma'aikaci ya faɗi matsala da kansa ba sai an tambaye shi ba, yadda makarar minti biyar ke shiga lissafi. Shi kansa yakan ce da babu gara ba daɗi. Amma aikin ya zo da haɗarinsa, wanda ba a ganinsa sai ya yi nisa. Yakan dawo gida gari na wayewa, ya yi barci har azahar, ya tashi jiki duk ciwo, kafin ya farfaɗo lokacin komawa ya yi. Takardun da yake aikawa suka ragu, daga baya suka tsaya cak. A cikin sito ɗin ya tarar da mutanen da suka zo da digiri irin nasa, wasu har da na biyu, waɗanda suka shiga da niyyar wata uku suka shekara huɗu ko biyar, kuma kowace shekara da ta wuce tana ƙara nisanta su da sana'arsu, har ya zama ko an kira su intabiyu ba su da amsar tambayar me suka yi a tsakani. Da a ce an ci gaba da ba shi cikakkun sa'o'i, mai yiwuwa da ya bi sahunsu. Sai aka rage ma'aikata a watan Janairu bayan kasuwa ta lafa, aka mayar da shi kwana biyu ko uku a mako. Kuɗin shiga ya ragu, hankalin gidan ya tashi, amma ya samu lokacin da zai sake ɗaga kai.

Dattijon da ya sauya masa alƙibla

Mai ba shi shawara a cibiyar ta sa sunansa a shirin haɗa sababbin zuwa da tsofaffin hannu a sana'arsu, irin wanda majalisar TRIEC mai taimaka wa baƙi samun aiki, da aka kafa a Toronto a 2003, ta daɗe tana gudanarwa tare da cibiyoyi daban-daban. Aka haɗa shi da wani dattijon injiniya mai lasisi wanda shi ma baƙo ne a da, ya kuma kusa yin ritaya. Dattijon bai yi masa alƙawarin aiki ba, kuma shirin ma ba na ba da aiki ba ne. A zamansu na farko ya karanta CV ɗin a hankali, ya ajiye, ya tambaye shi nawa ne zurfin da ake haƙa harsashin gini a Toronto, kuma me ya sa. Injiniyan ya fara bayani a kan ƙarfin ƙasa da nauyin gini. Dattijon ya ce masa duk wannan gaskiya ne, amma a nan akwai wani dalili da ya riga su: ƙasa tana daskarewa a hunturu, ruwan da ke cikinta ya kumbura ya ɗaga duk abin da ke kansa, shi ya sa ake haƙa harsashi zurfin aƙalla mita 1.2. Ya sake tambayarsa me ya sa ake sa ƙananan kumfar iska a cikin kankaren da zai zauna a waje. Nan ma bai sani ba, domin a inda ya yi aiki iska a cikin kankare aibi ce da ake kora. Dattijon ya bayyana masa cewa kumfar ita ce ke bai wa ruwa wurin faɗaɗa idan ya daskare, in babu ita kankaren zai farfashe cikin 'yan shekaru, musamman inda ake zuba gishiri a kan hanya don narkar da ƙanƙara.

Sai ya ce masa: "Injiniya, kashi tara cikin goma na abin da ka sani yana aiki a nan. Wannan ɗayan da ya rage shi ne suke tsoro, kuma ba za ka koye shi a gaban kwamfuta ba. Ka daina neman kujerar da ka baro. Ka nemi ƙofar da za ta kai ka wurin gini, ko da guga za ka riƙe."

Ƙofar da yake nufi ita ce aikin gwajin kayan gini. Kamfanonin da ke binciken ƙasa da ingancin kayan aiki suna ɗaukar ma'aikatan fili da yawa a kowace shekara idan sanyi ya ja baya, domin yawancin aikin hanya da na kwalta a lardin daga Afrilu ko Mayu yake kankama har zuwa Nuwamba. Aikin ba ya bukatar lasisin PEO, albashinsa ya ɗara na sito amma bai kai na injiniya ba, kuma yawancin masu yinsa matasa ne da suka fito daga kwaleji. Sai dai wanda ke yinsa kullum yana wurin gini, yana hulɗa da 'yan kwangila da injiniyoyi masu lasisi, yana karanta ƙa'idojin lardin yana amfani da su, kuma rahotonsa yana bi ta hannun injiniyan da zai iya tsaya masa shaida gobe.

Bai karɓi shawarar nan take ba. Ya faɗa wa matarsa cewa irin wannan aiki shi ne yake tura yara su yi masa kafin ya yi ƙaura, kuma bai san abin da zai faɗa wa 'yan'uwansa ba idan suka tambaya. Wannan ciwo na gaske ne, kuma masu ba da shawara da ke wuce shi da sauri ba su kyauta ba, domin mutum ba ya ajiye matsayin da ya gina da guminsa ba tare da ya ji a jikinsa ba. Matar ce ta ce masa, "Baban yara, a sito ma ba injiniya suke kiranka ba, kuma can babu hanyar da ta ɓulle." Bayan kwanaki ya kira dattijon ya ce ya amince.

Daga nan shirin ya koma na abubuwa ƙanana masu tabbas. Na farko lasisin tuƙi, domin ma'aikacin fili yakan zagaya wurare uku ko huɗu a yini da kayan aiki a bayan mota. Ontario tana da matakai uku, G1 da G2 da G, kuma sabon direba yakan ɗauki kusan shekara biyu kafin ya kai na ƙarshe, amma wanda ya kawo wasiƙa daga hukumar da ta ba shi lasisi a ƙasarsa, mai tabbatar da cewa ya yi shekara biyu ko fiye yana tuƙi, a lokacin ana barinsa ya tafi gwajin ƙarshe bayan ya ci na rubutu da na ido. Bai taho da wannan wasiƙa ba domin babu wanda ya faɗa masa, samo ta daga nesa kuwa ya ci makonni. Duk mai shirin ƙaura ya kamata ya karɓe ta tun yana gida, tare da wasiƙun shaida daga wuraren da ya yi aiki. Na biyu, ya yi kwas na yini ɗaya na aiki a wuri mai tsayi, wanda lardin ya wajabta tun 2015 ga masu amfani da kayan kariya daga faɗowa a wuraren gini, da kuma horon WHMIS kan abubuwa masu haɗari. Na uku, aka sake rubuta CV ɗin a shafi biyu, aka rage maganar shugabanci, aka fito da gwaje-gwajen da ya sani da hannunsa: matse ƙasa, auna laushin kankare, duba kwalta. Wannan ba ɓoye gaskiya ba ne, domin shekarunsa da muƙamansa suna nan a rubuce. An dai sa abin da mai karatu ke nema a inda idonsa zai fara sauka.

Dattijon ya kuma ba shi sunayen mutum uku, ya ce ya nemi kowannensu ya ba shi minti ashirin, kada ya roƙi aiki, tambaya kawai zai yi a kan yadda sashen yake. Wannan ya yi masa nauyi, domin a ganinsa neman ganawa da wanda ba ka sani ba alhali kana da bukata roƙo ne a fakaice. Amma a can al'ada ce sananniya, kuma tana da tushe. Tun a 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna, daga binciken da ya yi a kusa da Boston, cewa waɗanda suka samu aiki ta hanyar mutane sun fi samunsa ta hannun sanayyar nesa, wato mutanen da ake gani jefi-jefi, fiye da ta hannun aminai, domin aminanka abin da ka sani shi suka sani. Ga sabon zuwa abin ya fi tsanani, tun da na kusa da shi yawanci baƙi ne irinsa, kuma aikin da suke yi shi za su iya nuna masa. Ta hannun 'yan ƙasarsu ya san hanyar sito. Na biyu daga cikin mutum ukun nan ne ya ce masa wani kamfanin gwaji zai fara ɗaukar ma'aikatan fili a watan Maris, ya kuma yarda ya miƙa CV ɗinsa da hannunsa ga shugaban sashen.

Intabiyu da abin da ya biyo baya

Tambayar da aka fi jin tsoro ta zo, kamar yadda dattijon ya faɗa masa za ta zo. Shugaban sashen ya dubi shekara taran da ke kan takarda ya ce, mutum mai irin wannan tarihi ba zai gaji da aikin nan ya tafi bayan wata biyu ba? Injiniyan ya amsa da gaskiya. Ya ce burinsa shi ne ya samu lasisi, ba zai ɓoye ba, amma bai san kankaren ƙasar sanyi ba, bai san ƙa'idojin lardin ba, kuma ya fi son ya koye su da hannunsa kafin ya sa hannu a kan aikin wani. Ya ce zai tsaya har ƙarshen kakar aiki, in kuma kamfanin yana da wuri a gaba, ya fi son ya girma a cikinsa. Aka ɗauke shi a kan kwantiragin kaka ɗaya, da watanni uku na gwaji, wanda ya yi daidai da tsawon lokacin da dokar lardin ta yarda a sallami ma'aikaci ba tare da sanarwa ba.

Kamfanin ya tura shi ya samu shaidar gwajin kankare ta CCIL, wato ƙungiyar ɗakunan gwaji masu zaman kansu ta Kanada, daga nan ya fara fita shi kaɗai. Yakan isa wurin gini kafin motar kankare ta farko, ya ɗebi samfuri a baro, ya cika gwangwanin awo mai siffar mazurari hawa uku yana soka kowane hawa da sandar ƙarfe sau 25, ya ɗaga gwangwanin a hankali ya auna yadda kankaren ya zauna. Sai ya auna iskar da ke ciki da tukunyar awo, ya duba zafinsa, ya cika dogayen gwangwanaye da za a kai ɗakin gwaji a murƙushe bayan kwana 7 da kwana 28, inda a da ya saba da dunƙule mai kusurwa huɗu. A wata na biyu wata mota ta zo da kankaren da iskarsa ta gaza abin da aka ƙayyade don gefen titi. Shugaban ma'aikatan ɗan kwangilar yana sauri, ga motoci sun yi layi, ya ce masa ya rubuta kawai a wuce. Ya sake gwajin a gabansa, sakamakon bai sauya ba, ya kira injiniyar da ke kula da aikin ya faɗa mata alƙaluman cikin natsuwa, aka dakatar da zubawa har aka gyara. Ƙaramin ma'aikaci da bai taɓa tsayawa gaban ɗan kwangila ba zai iya tsorata a irin wannan wuri, shi kuwa ya yi shekaru yana yi. A ranar ce injiniyar ta fara tambayarsa abin da yake yi kafin ya zo ƙasar.

Akwai abubuwan da za a iya cewa da an yi su da wuri da watannin sun ragu. Tun yana gida zai iya buɗe fayil a PEO, domin hukumar tana karɓar takardu daga waɗanda ba su iso ba. Da ya san yadda kakar gini take, da ya gane cewa saukar Satumba tana nufin isowa daidai lokacin da ake shirin rage ma'aikata, da kuma ya yi tanadin kuɗi da na zuciya a kan haka. Da an haɗa shi da dattijon a watan farko, da bai ɓata wata biyu yana jefa takardu inda ba za a karanta ba. Amma ban yarda a tattara nauyin duka a ɗora masa ba. Ƙasar da ta zaɓi mutum saboda shekara tara na ƙwarewa, sannan ta bar shi ya gano da kansa cewa sai ya koma matakin farko, ta yi asarar wani abu, kuma hanyar da ta yi masa aiki ba kowa take yi wa ba. Likita ko malamin makaranta ba lallai ya samu ƙaramin mataki a cikin sana'arsa da zai shiga ba tare da lasisi ba, wanda kuma ba shi da mai taimaka masa da kula da yara ba zai iya fita wurin gini da asuba ba. Matarsa, wadda ita ma tana da digiri, ta jinkirta nata neman domin nasa ya yiwu, kuma wannan ma yana cikin farashin da gidan ya biya.

Da kaka ta ƙare a watan Nuwamba na 2024 an sallami yawancin ma'aikatan fili kamar yadda aka saba, waɗanda suka tara isassun sa'o'i suka nemi tallafin inshorar rashin aiki, wanda ke bukatar tsakanin sa'o'i 420 zuwa 700 gwargwadon yankin da mutum yake. Shi an riƙe shi a ɗakin gwaji domin hunturu, yana taimakawa wajen rubuta rahotanni, a kan albashin da har yanzu na ma'aikacin gwaji ne. Ya miƙa takardunsa ga PEO, wadda a lokacin take neman watanni 48 na aikin injiniya da aka tantance, da jarrabawar doka da ɗa'ar sana'a, da kuma jarrabawar fasaha ga waɗanda digirinsu ba na jami'ar da aka amince da ita a Kanada ba ne. Shekarunsa na waje za su shiga lissafi matuƙar waɗanda suka kula da aikinsa a can sun amsa tambayoyin hukumar, biyu daga cikinsu kuwa sun amsa. Injiniyar da ya kira ranar da aka dakatar da zuba kankare ta amince ta zama ta uku, a kan abin da ta gani a nan. Jarrabawar fasaha tana gabansa, kuma kamfanin bai yi masa alƙawarin muƙamin injiniya ba ko da ya ci.